Rumbunan Sarkin Noma Daga Sama

A shekarun da kuɗin fetur suka fara yawo a ƙasar nan, kowa da abin da ya haukace a kai. Wani mota, wani rediyo mai kaset, wani agogon da ya fi ƙarfin hannunsa. Ni tuƙin jirgin sama ne ya kama ni. Ina aiki a Kano a lokacin, ni ne mai awon hanya a wani kamfanin masu shimfiɗa kwalta. A gefen filin jirgi akwai wata ƙungiya ta masu sha'awar tuƙi, yawancinsu Turawa, suna da 'yan ƙananan jirage da ake haya. Can na riƙa kai Asabar ɗina da albashina har na samu lasin. Ban taɓa ɗaukar fasinja don a biya ni ba. Sha'awa ce kawai, kuma innata har ta koma ga Allah taɓin hankali take kiran abin.

Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Daura, tsakanin Zango da Baure. A can nake da wani aboki da muka tashi tare, tare muka yi makarantar allo, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Da ubansa ya rasu ya bar masa gona, sai ya sayar da ita ya sayi wata tsohuwar tifa, ya shiga jigilar yashi da burji. Abin ya karɓe shi. Kafin a ankara ya zama ɗan kwangila, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare, kowa ya koma ce masa Alhaji, har ni. Mutum ne mai daɗin zama, in yana ba da labari sai cikinka ya yi ciwo don dariya. Amma fa ba ya mantuwa. In ka taka shi yau, sai ya jira ka shekara goma yana yi maka murmushi.

Wanda ya taɓa taka shi kuwa shi ne Sarkin Noman garinmu. Dogon tsoho ne, baƙi, mai ƙarancin magana, wanda tafin hannunsa ya yi kanta kamar ƙirgi. Tun daga hanyar kasuwa kana hango kawunan rumbunansa ta saman katanga, da sabuwar jinka a kai kullum. Mutanen gari sukan ce muddin waɗannan rumbuna suna tsaye, yunwa sai dai ta wuce ta gefe. Lokacin da Alhaji ya sayar da gonar gado, ya je gaisuwa ƙofar gidan tsohon nan, ana zaune cike da mutane. Tsoho bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi wanda ya sayar da gonar ubansa ya tashi masa daga kan tabarma. Alhaji ya tashi, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya tafi yana dariyar yaƙe. Ina wurin, a kan idona aka yi.

Bayan shekarun farin nan da suka kashe shanu suka ƙone gero, cikin bazara, Alhaji ya matsa mini lamba sai na ɗauke shi a jirgi. Wai na Makka bai ƙirga shi ba, don a tsakiya aka zaunar da shi, ba abin da ya gani sai ƙeyar wani Bazazzagi. Na gaji da naci na ce to. Akwai wani fili na jan burji a bayan Daura wanda masu feshin tsuntsaye suka share, nan na ce ya jira ni da sassafe, tun iska ba ta yi zafi ba.

Na sauko na tarar da shi tsaye jikin sabuwar motarsa, ya sha babbar riga ta shadda har tana sheƙi, turare kuwa kamar an fasa kwalba. Ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Wannan ne jirgin?"

Na ce, "Shi ne."

"Haba mutumina! Ai ƙofar tifata ta fi wannan nauyi. In na jingina da shi ba zai faɗi ba?"

Na ce ya shiga ya rage surutu. Jirgi ne mai kujera biyu, fukafukansa a sama, saboda haka in ka leƙa ta taga ba abin da zai tare maka ƙasa. Sai da na naɗe masa hannuwan riga na cusa a ƙarƙashin cinyarsa don kada su kama wani abu, sannan na ja ɗamara na ɗaure tumbinsa da ƙyar. Na nuna masa abin da ba zai taɓa ba, wato komai. Farfela ta ɗauka, jirgi ya fara gudu a kan burji yana karkarwa, sai baki ya mutu. Da tayoyi suka bar ƙasa ya damƙe mini cinya da ƙarfin da sai da na kwana biyu ina jin wurin. Ya karanto duk abin da ya sani na addu'a, har da ta shiga banɗaki. Ni kuwa me zan yi ban da dariya? Na ɗan karkata jirgin ta gefensa don mugunta.

"Don girman Allah daidaita shi! Ina da iyali!"

Na daidaita. Ba a jima ba tsoro ya sake shi, ya manna goshi a taga. Kai, ƙasa ta sha wuya a shekarun nan. Ko'ina ja-ja-ja, fayau, ba kore sai gawo nan da can. Ga busassun rafuka sun yi fari, ga hanyoyin shanu ba shanu, ga ƙasusuwa a bakin wani tafki da ya tsattsage. Ta tsakiyar wannan duka sabuwar kwalta ta miƙe baƙa wul, manyan motoci suna bin ta zuwa Mai'adua. Alhaji ya riƙa ihu a kunnena, don ƙarar inji ba ta bari a yi magana a hankali, yana nuna mini kwalbatin da shi ya yi da wanda aka hana shi. Daga nan ya ce, "Kai ni garinmu in ga gidana."

Na kai shi. Na rage tsawo har muna iya rarrabe akuya da tunkiya. Ga masallaci, ga rijiyar gari da layin mata, ga gidan innata da bishiyar darbejiyarta. Gidan Alhaji kuwa ko makaho ya gan shi, shi kaɗai ne mai rufin kwano, yana walƙiya kamar sabon faranti. Ya yi tafi, ya ce ashe haka yake da girma. Yara suka fito da gudu suna ɗaga hannu. Sai kuma Alhaji ya dafa kafaɗata.

"Koma. Sake zagayawa."

Na ɗauka gidansa ne bai ishe shi kallo ba, na sake zagayawa. Ya ce in ƙara, in kuma ɗan sauko. A wannan zagayen ne na bi idonsa, na ga ba gidansa yake kallo ba.

Gidan Sarkin Noma ne a ƙarƙashinmu, a buɗe kamar an cire wa tukunya murfi. Rumbunan da ke jikin katanga, waɗanda ake hangowa daga waje, suna nan da jinkarsu tsaf. Amma duk na cikin gida an kware su. Bakunansu a sama, a wangale, rana tana haskawa har gindinsu, ba komai a ciki sai ƙasa. Ɗaya ma gefensa ya rufta, akuya tana kwance a ciki. Ciyawar jinkar da aka cire tana zube a gaban wani ramammen bijimi, yana ja yana ci. Mata suka watse suka shige ɗakuna suna jan yara. A tsakar gida kuwa ga tsoho nan a tsaye, ba riga, daga shi sai wando, ya kare ido da hannu yana kallonmu. Ban taɓa ganinsa ba riga ba sai ran nan. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga inda muke.

Alhaji ya bugi taga da tafin hannu. "Babu! Wallahi tallahi babu ko ƙwaya! Mutumina, ka gani? Ka ga abin da na gani?"

Na tura totur, inji ya ƙara wuta, na ɗaga jirgin sama. Na yi masa ihu na ce abin da ya gani a nan ya bar shi a nan.

Ya ce, "Haba, sai ka ce yaro?" Amma har muka sauka yana murmushi shi kaɗai, haƙorin nan yana ƙyalli. Mutumin da ɗazu yake kiran iyali, yanzu ko da jirgin ya yi tsalle a kan burji bai ce uffan ba.

A motarsa muka tafi gida don in gaida innata kafin in mayar da jirgin mutane. Ko amsa gaisuwata ba ta yi ba. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsinkar zogale, ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Kai ne ka bi ta kan gidajen mutane ɗazu?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Mai yaɓe in zai hau soro, sai ya tsaya ya ɗaga murya ya ce mata a kimtsa, za a hau sama. Mai saran reshe haka yake yi, mai hawan dabino haka. Sai an amsa masa sannan ya taka tsani. Kai wa ka yi wa sallama?"

Raina ya ɓaci. Na ce ta yaya mutum zai yi sallama daga cikin jirgi? Da wace muryar? Ta ce to wanda ba shi da muryar sallama ai ba ya leƙa gidan mutane. Har yau akwai masu cewa ni na jawo komai, ni kuwa ban karɓa ba. Ni ma ina da ido a jirgin nan, na ga abin da ya gani, kuma ba ta bakina aka ji ba.

A nan ne ta gaya mini abin da matan unguwa suka daɗe da sani. A shekarar farko ta fari tsohon nan ya buɗe rumbunansa ya ciyar da gari, dami bayan dami, bai tambayi kowa yaushe zai mayar ba. Ya sa rai damina mai zuwa za ta cike gurbi. Da ta zo ya shuka, rana ta ƙone, ya sake shukawa ta sake ƙonewa, har irin da yake ji da shi ya ƙare a cikin ƙasa. 'Ya'yansa maza suka tafi cin rani Kudu, ba su dawo ba tukuna. Ya sayar da goɗiyarsa a can wata kasuwa mai nisa ya ce wai ya ba wani aro. Surukinsa ne yake auno masa 'yar tsaba a Mai'adua, ya ɓoyo ta cikin buhun harawa. Matan maƙwabta kuwa kowace takan miƙa 'yar ƙwarya ta kan katanga, ta ce ga ɗanɗano, a ji ko gishiri ya yi. Shekara guda cur suna wannan, ba wadda ta gaya wa ko mijinta. Ta ce, "Mu mata da ake cewa ba mu riƙe magana, mun riƙe. Sai mu ga ku maza."

Ba a yi la'asar ba muka gani. Na fito zan nemi motar da za ta mayar da ni filin jirgi, sai na ji ana ta ƙyaƙyata dariya a gindin tsamiyar ƙofar masallaci. Alhaji ne a tsakiya, ya cire hula yana ba da labarin tafiya. Ya kwaikwayi yadda jirgi yake karkarwa, ya kwaikwayi ni, har kansa ya kwaikwaya yana salati. Sai da ya tara hankalin kowa sannan ya sassauta murya.

"Amma jama'a, na ga abin al'ajabi yau. Na ga rumbu ya sha hula kamar zai ja sallar Idi, 'yan'uwansa a bayansa tsirara, ciki kuwa iska ce take kai da kawowa. Har akuya na gani ta kama haya a ɗaya."

Wani ya ce, "A wane gida, Alhaji?"

"A'a, ni ban kama suna ba. Gida nawa ne a garin nan mai rumbu da yawa haka?"

Ban san lokacin da na ratsa mutane na shaƙe wuyan shaddar nan ba. Na ce masa maci amana, na ce masa ɗan iska, na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Aka ɓamɓare ni da ƙyar. Shi kuwa ya gyara riga, ko a jikinsa.

Ya ce, "Ƙarya na yi? Kai ma ka gani, faɗa musu ƙarya na yi."

Na yi shiru, shirun nan kuwa ya gama komai. Abin da ya fi ƙona mini rai har gobe shi ne waɗanda suka fi kowa dariya. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka yi sallama a ƙofar tsohon nan da buhu a hammata ne, waɗanda geronsa ya raya musu 'ya'ya. Sai ka ce wani nauyi aka sauke musu daga ka. Tir da hali irin wannan.

Da na dawo gida mako na gaba, abin ya riga ya zama wasan gari. Samari in za su wuce ta bayan katangar Sarkin Noma sai su jefi rumbunan nan masu jinka da dutse, su kasa kunne su ji ƙarar, su fashe da dariya. Dattawan da a da suke miƙewa tsaye in tsohon ya doso, yanzu sai su ɗan muskuta a zaune. Shi kuwa bai fasa komai ba. Yana fitowa salla biyar da wankakkiyar riga, ya gaisa da kowa, ya koma.

Na daure na je gaishe shi. Ya karɓe ni a zaure, ya sa rigarsa ta saƙi wadda yake sawa ranar Juma'a. Na durƙusa, muka gaisa, ya tambayi Kano, ya tambayi aiki. Sannan ya ce, "Ɗana, daga can sama ana ganin mutum sosai?"

Na ce, "A'a Baba, kamar tururuwa ake gani."

Ya ce, "Ikon Allah. Ni kuwa daga ƙasa na ga fuskar abokinka."

Na rasa inda zan sa kaina. Sai na kawo maganar da na shirya tun a hanya. Na ce na samu hatsi da sauƙi a Kano, ina so in saya da ɗan yawa, ga shi ba ni da wurin ajiya, ko zai taimaka ya ajiye mini a wurinsa, in ana bukata a gida a riƙa taɓawa. Haka ake yi wa babban mutum, shi ma ya san haka ake yi, don shi ya koya wa garin. Da a ce kafin tafiyar nan ne, na tabbata da ya karɓa.

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Sai dai rumbunana a cike suke, babu wuri."

Na ce, "To Baba." Na tashi na fito. Abin da na iya kawai shi ne in riƙa kawo wa innata hatsin, ita kuma ta riƙa miƙawa ta kan katanga. Wannan ya riƙe tukunya, amma bai taɓa abin da ke tafe ba.

Abin da ke tafe shi ne ruwan shuka. A garinmu, in ruwan shuka ya sauka, duk wanda ba shi da iri ƙofar Sarkin Noma yake wayar gari da ƙwaryarsa. Tsoho ya fito ya auna wa kowa, ya yi addu'a, shi ne kuma zai fara sara ƙasa kafin kowa ya sara. Sarautar ke nan, ba rawani ba ce. A shekarar nan kuwa kusan kowa ya cinye irinsa. Hukuma ta ce za ta raba iri a ƙauyuka, kwangilar kai shi yankinmu kuma ta faɗa hannun Alhaji. Ya karɓo buhunan tun da wuri ya kulle a gidansa mai kwano, ya ce sai ruwa ya sauka.

Ina gida ranar da ya sauka. Ruwa ne mai kyau, ya jiƙa ƙasa har ya wuce tsawon hannu. Gari ya waye da ƙamshin ƙasa, kowa ya fito da sungumi a kafaɗa da ƙwarya a hannu. Suka nufi ƙofar Sarkin Noma. Wasu sabo ne ya kai su, wasu kuwa na rantse kallo suka je yi. Tsoho yana zaune a bakin zaure, hannuwansa a kan gwiwa, yana amsa gaisuwa. Ba wanda ya ce a ba shi, shi ma bai ce babu ba. Aka yi cirko-cirko, rana tana ɗagawa.

Sai ga tifa ta kunno kai, cike da buhuna. Ƙofar dagaci tana nan, filin kasuwa yana nan, amma ba inda ta tsaya sai ƙofar zauren nan. Alhaji ya diro, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Noma. Na ce a nan aka saba, kada a canza wa jama'a wuri."

Tsoho ya ce, "Madalla."

Aka sauke buhuna. Alhaji ya zauna a kan ɗaya, ya buɗe wani a gabansa, ya ɗauki kwanon awo da hannunsa. Ya ce a yi layi. Ya kuma ce doka ce daga sama, kowane mai gona shi zai zo da kansa, ba aike. Mutane suka yi ta karɓa suna wucewa, kowa na sauri, don shuka ta yini ɗaya ce, in danshi ya tafi sai kuma wani ruwan, wanda ba mai tabbacinsa. Ba wanda ya tsaya jiran addu'a.

Layi ya yi sauƙi, sai ga wata tsohuwa ta fito daga gidan, ƙanwar Sarkin Noma ce, ta lulluɓe har ido, ta miƙa ƙwarya. Alhaji ya ɗaga murya yadda na bayan tifa ma zai ji.

"A'a Iya, ki yi haƙuri. Mai gona da kansa aka ce. In na ba ki, gobe a ce na ci amanar hukuma."

Na fizge ƙwaryar daga hannunta na dangwarar a gabansa na ce ya zuba.

Ya ce, "Kai kana da gona ne? Gonarka ai a sama take."

Aka yi dariya. Wallahi na riga na ɗaga hannu, da na sauke shi a fuskarsa da haƙorin nan ya bar bakinsa ran nan. Sai na ji an riƙe mini gwiwar hannu ta baya. Tsoho ne ya taso.

Ya ce, "Bari, ɗana. Ƙasa tana bushewa."

Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar. Waɗanda suka rage a layi suka dare suka ba shi wuri, wasu suka sunkuyar da kai. Ya tsaya a gaban Alhaji, dogo, riƙe da ƙwarya da hannu biyu. Alhaji bai tashi daga kan buhu ba. Ya ɗaga kai ya dube shi kamar mai mamaki.

"Subhanallahi! Baba, kai ma babu?"

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar injin tifa da aka bari a kunne.

Tsoho ya ce, "Babu."

Alhaji ya karkato kunne. "Ka yi haƙuri Baba, injin nan ya cika ƙara. Me ka ce?"

"Na ce babu, Alhaji."

Wata mata a bayana ta fashe da kuka. Ni kaina hawaye ne suke zubo mini, na baƙin ciki, ban ko share ba. Alhaji ya tsoma kwano a buhu ya ciko shi har ya yi tozo, kamar yadda ya yi wa kowa. Sai ya dakata. Ya sa gefen hannu ya shafe tozon tas, daidai da bakin kwano, sannan ya juye a ƙwaryar.

Tsoho ya ce, "Allah ya saka da alheri."

Geron da aka shafe bai koma buhu duka ba, wani ya zube a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kusa da ƙafar Alhaji. Sarkin Noma ya dubi geron. Ya ajiye ƙwarya, ya tattare riga, ya durƙusa a gaban mutane ya tsince shi ƙwaya ƙwaya, yana hure ƙasar yana zubawa a ciki. Ba wanda ya motsa har ya gama. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya karɓi sungumi a hannun ƙanwarsa, ya kama hanyar gona.